Nauyin da mutum ya ɗaukar wa kansa: alkawari da yarjejeniya a Hausa, a fiƙihu da a dokar Nijar

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana nazarin nauyin da ke hawa kan mutum ta dalilin maganar da ya furta da ganin damarsa. Za mu nuna cewa Hausa ta riga ta bambanta nauyin da ake ɗora wa mutum da wanda yake ɗauka da kansa, kuma tana da alamomin nahawu da ke nuna ƙarfin ɗaurin kowace magana. Daga nan za mu kwatanta wannan tsari da na masana falsafa, da na fiƙihun Malikiyya, da na kundin Code civil, domin amfanin masu fassara dokoki.

0. Gabatarwa

A unguwar Banifandu, kamar sauran unguwannin Yamai masu yawan gidajen haya, hulɗar kuɗi da yawa da baki ake ƙulla ta: haya, bashin mai shago, aikin magini, zubin adashe. Bari mu ɗauki misali irin wanda kan kai mutane gaban mai unguwa. A ce gab da damina mai gida ya ce wa ɗan hayarsa:

(1) Gyara rufin ɗakin, na rage maka kuɗin haya.

Ɗan haya ya sayi kwano da katako na jika 60 (60.000 F CFA), ya biya magini. Ƙarshen wata mai gida ya zo neman kuɗinsa cif. Ɗan haya ya ce: « Alhaji, ai ka yi alkawari. » Mai gida ya ce: « Magana dai muka yi. »

Tambayoyi biyu ke cikin wannan gardama. Ta farko: ta yaya magana, wadda iska ce kawai ta fito daga baki, za ta haifar da nauyin da babu shi kafin a furta ta? Ta biyu: wane irin furuci ne ke ɗaure mai shi, kuma a gaban wa?

Batun ya wuce aji da ɗakin karatu. A watan Maris na 2025 kundin da ake kira Charte de la refondation ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan aikin mai da dokoki da takardun yarjejeniya cikin Hausa zai ƙaru, kuma duk kalmar da mai fassara ya zaɓa tana iya jawo wa wani hasarar dukiya ko ta tsare masa ita.

1. Ɗorawa da ɗauka

Faransanci na amfani da kalma guda, obligation, ga harajin da hukuma ta aza, da diyyar ɓarnar da mutum ya yi, da kuɗin da mai saye ya yarda zai biya. Asalin kalmar daga Latin ne, daga aikatau mai ma'anar ɗaurewa. Hausa ma ta san wannan hoto na igiya, shi ya sa ake ƙulla yarjejeniya, a ɗaura aure, a warware ciniki. Amma hoton da ya fi rinjaye shi ne na kaya:

(2) a. An ɗora masa haraji.
b. Ciyar da iyali ya rataya a wuyansa.
c. Ya ɗauki alkawari.
d. Ya ɗauki nauyin karatun yaron.
e. Ya sauke nauyin da ke kansa.

A (2a) da (2b) mutumin karɓau ne ko mazaunin nauyin, wani ne ko wani hali ne ya aza masa. A (2c) da (2d) shi ne aikau. Ba a cewa *an ɗora masa alkawari, domin alkawarin da aka aza wa mutum ba da sonsa ba ya tashi daga alkawari ya koma tilas. Bisa wannan muke ba da shawarar kalmomi biyu: nauyin ɗorawa, wanda tushensa doka ce, ko addini, ko zumunci, ko ɓarna, da nauyin ɗauka (obligation volontaire), wanda tushensa yardar mai shi ce. Karin maganar nan « alkawari kaya ne » kan na biyun take.

Nauyin ɗauka iri-iri ne, kuma kowane iri da aikatan da ke tafiya da shi:

(3) alkawari: ɗauka, cika, saɓa, karya
yarjejeniya: ƙulla, sa hannu, warware
amana: ba da, riƙe, ci
bashi: ci, bi, biya, yafe
rantsuwa: yi, karya, yi kaffara
bakance: yi, cika

Da yawa daga cikin waɗannan sunaye aro ne daga Larabci, amma ma'anarsu ta ɗan gusa. Alkawari ko alkawali daga al-ƙaul yake, wato magana kawai. Hausa ta taƙaita shi ga maganar da ke ɗaure mai ita, kuma Zabarmanci ya yi haka da alkawli. Wa'adi daga wa'd yake, wanda a Larabci shi ne alkawarin kansa. A Hausar yau ya fi nufin lokacin da aka ɗiba, kamar a « wa'adin biya ya cika ». Mai fassara da ya sa wa'adi a wurin promesse saboda ya san Larabci zai rikita mai karatu.

2. Abin da masana falsafa suka ce

David Hume, a littafinsa na 1739-1740 kan ɗabi'ar ɗan Adam, ya nuna mamakin da ke cikin tambayarmu ta farko. A ganinsa babu wani motsin zuciya, ko niyya ko buri, da zai iya ƙirƙiro wajibi da kansa. Alkawari ƙirƙira ce ta jama'a: mutane sun ga amfanin musayar taimako tsakanin waɗanda ba dangi ba, sai suka ware wasu kalmomi, wanda duk ya furta su ya yarda a daina amincewa da shi in ya saɓa. Immanuel Kant a 1785 ya bi wata hanya da misalin mai cin bashi yana sane ba zai biya ba: da kowa zai yi haka, babu wanda zai ƙara gaskata alkawari, saboda haka ƙa'idar maƙaryacin tana rushe abin da take dogaro da shi.

A 1972 masana biyu na falsafar doka, Neil MacCormick da Joseph Raz, sun yi muhawara a kan wannan batu a taron wata ƙungiyar falsafa ta Birtaniya. MacCormick ya ce abin da ke ɗaure mai alkawari shi ne ya sa wani ya dogara da maganarsa da gangan. Laifin saɓawa shi ne cutar da wanda ya dogara. Raz ya ce dogaro bai isa bayani ba, domin mutum na iya sa wani ya dogara da shi ta hanyar faɗin niyyarsa kawai, alhali bai yi alkawari ba. A wurin Raz, alkawari iko ne da mutum ke da shi na sauya matsayin hakkoki: yana sanar da cewa da wannan furucin nasa yake nufin ɗaukar nauyi.

In muka koma ga misali na (1), ɗan haya yana iya kafa hujja da ɗayan biyu. Ko ya ce « ka ɗauki nauyi da bakinka », hujjar Raz ke nan. Ko ya ce « ka sa ni na kashe jika 60 », hujjar MacCormick ke nan. Za mu ga a 4.2 cewa malaman Malikiyya sun auna waɗannan hujjoji biyu tun ƙarnoni kafin 1972.

3. Yadda Hausa ke ƙulla magana

3.1. Furucin zartarwa

J. L. Austin (1962, fassarar Faransanci, Quand dire, c'est faire, 1970) ya ware wani rukunin jimloli waɗanda faɗinsu shi ne aikata abin da suke faɗa. Za mu kira su furucin zartarwa (énoncé performatif). Kafin haka Émile Benveniste (1958) ya lura cewa je jure rantsuwa ce, amma il jure labarin rantsuwa ne. Faransanci na gina irin wannan furuci da mutum na ɗaya a lokaci mai ci. Hausa kuwa shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya take amfani da shi:

(4) a. Na yi maka alkawari.
b. Na rantse da Allah.
c. Na sallama. (a kasuwa)
d. Mun ba ku. / Mun karɓa. (wajen ɗaurin aure)
e. Na yafe maka.

Babu ɗaya daga cikin jimlolin (4) da ke ba da labarin abin da ya wuce. Mai rago da ya ce « na sallama » a lokacin yake sallamawa, kuma daga wannan furucin rago ya zama na mai saye. Mai magana yana gabatar da aikin a matsayin gamamme, wanda ba shi da sauran komawa. Larabcin fiƙihu ma haka yake: malamai sun ɗauki sigar shuɗaɗɗen lokaci, irin bi'tu (na sayar) da ƙabiltu (na karɓa), a matsayin mafi bayyana wajen ƙulla ciniki. Jimlar « ina yi muku alkawari » da ake ji a jawabai ta bi tsarin Faransanci ne, kuma a kunnen Bahaushe ba ta kai (4a) ɗauri ba.

3.2. Matakan ƙarfi

Hugo Grotius (1625) ya raba magana kan abin da ke gaba mataki uku: faɗin niyya kawai, wadda mutum ke da damar sauyawa, ɗaure kai ba tare da ba wani hakkin nema ba, da cikakken alkawari, wanda ke miƙa wa wani hakki. Hausa na nuna irin waɗannan matakai da lamirin lokaci. A nan za mu ninka wasali don nuna tsawo, mu sa alamar ^ don faɗaɗɗen karin sauti:

(5) a. Ina so in rage maka. (buri)
b. Nâa rage maka. (lokaci mai zuwa na biyu)
c. Zan rage maka. (lokaci mai zuwa na ɗaya)
d. Gyara rufin in rage maka. (sharaɗi da sakamako)
e. Naa rage maka. (zartarwa)

(5a) ba ta ɗaure kowa. (5b) yawanci tana barin ƙofa a buɗe: mai magana yana ganin abin zai yiwu, bai kuwa rufe bakinsa a kai ba. (5c) tana iya zama faɗin niyya, tana iya zama alkawari, yanayin magana ne ke rabewa. (5d) tayi ne: in ka yi wannan, wancan ya biyo. (5e) ta gama magana, kuɗin haya ya ragu tun daga lokacin.

A nan matsalar rubutu ta fito. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, har da wadda ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tabbatar a 1999, ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Don haka (5b) da (5e) rubutunsu ɗaya ne: « na rage maka ». Jimlar (1) da muka fara da ita tana ɗauke da wannan harshen damo. Haka « na biya » a takardar bashi tana iya nufin an riga an biya, tana iya nufin ana sa ran biya. Kunne na rabewa nan take, takarda ba ta rabewa. Wanda duk ke rubuta yarjejeniya da Hausa ya kamata ya kauce wa lokaci mai zuwa na biyu gaba ɗaya, ya yi amfani da « zan » tare da rana, ko « na riga na ».

« In sha Allahu » ma tana da fuska biyu. A bakin wani ladabi ne da ke ƙarfafa alkawari, a bakin wani hanyar zamewa ce. A fiƙihun Malikiyya tana da hukunci takamaimai a wuri guda: wanda ya rantse da Allah ya haɗa da ita nan take, da nufin togaciya, babu kaffara a kansa in bai aikata ba. Ba ta soke bashi ko ciniki.

3.3. Karɓa da shaida

Furucin mutum ɗaya bai cika ƙulli ba sai ɗayan ya karɓa. A kasuwa mai saye na tayawa, mai kaya ya ce « albarka » in bai yarda ba, har a kai ga « na sallama ». John Searle (1969) ya ƙara da cewa abin alkawari dole ya zama abin da mai sauraro ke so. In ba haka ba, barazana ce, kamar « ka sake, ka gani ». Wajen ɗaurin aure akan tambayi jama'a « kun shaida? » su amsa « mun shaida ». Shaidu su ne ma'ajiyar magana a inda babu takarda, kuma kasancewarsu na nuna wa kowa cewa an tashi daga hira an shiga ƙulli. Lokacin da mai gidan misalinmu ya ce « magana dai muka yi », da'awarsa ita ce ba a ƙetare wannan iyaka ba.

4. Abin da alƙali ke tilastawa

Ba duk alkawarin da ɗabi'a ta wajabta cikawa ne alƙali ke tilastawa ba. Wanda ya yi wa aboki alkawarin rakiya zuwa suna ya fasa, ya ji kunya, amma ba a kai shi kotu. A Nijar tsari biyu ke aiki gefe da gefe. Tun daga doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962, wadda dokokin 2004 da 2018 suka gada, kotuna na amfani da al'adar masu shari'a a batutuwa irin su aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, tare da mataimakan alƙali masana al'ada. Kuma al'adar yawancin jama'a ta cuɗu da fiƙihun Malikiyya. Sauran hulɗoɗi na ƙarƙashin rubutacciyar doka. Sarakuna da masu unguwanni kuwa ikon sasantawa suke da shi.

4.1. Kundin Code civil

Nijar ta gaji kundin Faransa na 1804 da lambobinsa na asali, alhali Faransa ta sake fasalin wannan ɓangare a 2016. Ayar doka ta 1134 ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tana zaman doka ga waɗanda suka ƙulla ta, ba a warware ta sai da yardar duka ɓangarorin ko da dalilin da doka ta halatta, kuma a zartar da ita da kyakkyawar niyya. Ta 1108 ta kafa sharuɗɗa huɗu: yarda, cancantar mai ƙullawa, takamaiman abin da aka ƙulla a kai, da halattaccen dalili. Rubutu ba ya cikinsu. Ta 1583 ma ta ce ciniki ya kammala da zarar an daidaita kan kaya da farashi, ko ba a miƙa ba, ko ba a biya ba, wanda ya yi daidai da « na sallama » ta (4c).

Wahalar ɗan haya a wannan tsari guda biyu ce. Ta farko, « rage » nawa? In babu adadi, ko hanyar gano adadi, sharaɗi na uku ya yi rauni. A lura kuma cewa lissafin kuɗi da Hausa a Nijar da dala ake yin sa, dala ɗaya kuwa 5 F ce, don haka « ɗari » a baki 500 F ce a takarda. Ta biyu, hujja: aya ta 1315 ta aza wa mai da'awa nauyin tabbatarwa, ta 1341 kuma ta buƙaci rubutu in kuɗi sun haura wani adadi. Tsakanin ƴan kasuwa abin ya fi sauƙi, domin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 17 ga Oktoba 1993, ta yarda da kowace irin hujja a kansu.

Akwai kuma wani abin lura. Aya ta 1135 ta ce yarjejeniya na ɗaure mutum har da abin da adalci, al'ada ko doka suka rataya wa irinta, ko da ba a faɗa ba; ta 1720 kuma ta aza wa mai gida manyan gyare-gyaren gidan haya. Wato tun ranar da ya ba da haya da ganin damarsa ya ɗauki nauyin rufi, ko ya sani ko bai sani ba. Kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. Zaɓin mutum yana wajen shiga. Abin da ke cikin kayan ba duka shi ke tsara shi ba.

4.2. Fiƙihun Malikiyya

Alƙur'ani ya yi umurni da cika ƙulle-ƙulle (5:1) da rubuta bashi mai wa'adi (2:282). Duk da haka yawancin mazhabobi sun tafi a kan cewa alkawari tsura, wanda ba musaya a cikinsa, abin so ne a cika shi, amma alƙali ba ya tilastawa. Malikawa sun yi zurfi a wannan mas'ala fiye da saura, har al-Haɗɗab (ya rasu 1547) ya keɓe mata littafi guda, Tahrir al-kalam fi masa'il al-iltizam. Ya bambanta iltizam, wato ɗaukar wa kai nauyi nan take, da ida, wato ba da labarin alherin da za a yi nan gaba. Bambancin da ke tsakanin (5e) da (5c) ke nan.

Game da ida an ruwaito ra'ayi huɗu: a tilasta ko yaya, kada a tilasta ko yaya, a tilasta in an rataya shi ga wani dalili, a tilasta in an rataya shi ga dalili kuma wanda aka yi wa ya riga ya shiga cikin abin. Na huɗun shi ne mashahuri, kuma shi ake dangantawa da Ibnul Ƙasim da Sahnun (ya rasu 854). Misalan da malamai ke bayarwa su ne mutum ya ce wa wani ya rushe gidansa zai ranta masa abin gini, ko ya yi aure zai ranta masa sadaki. In ya rushe ko ya yi auren, ba a barin mai alkawari ya janye. Wannan ita ce hujjar dogaro da muka gani wajen MacCormick, yayin da hukuncin iltizam ya yi kusa da matsayin Raz. A wannan ma'auni ɗan hayan Banifandu yana da ƙarfi ko da (5c) aka furta, tunda ya sayi kwano saboda maganar. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ɗauki wannan matsayi a zamanta na Kuwait a 1988, dangane da alkawarin saye a bankunan Musulunci.

4.3. Inda tsarin biyu suka saɓa

Kafin alƙalami, wato kuɗin da mai saye ke fara bayarwa don riƙe kaya, misali ne mai kyau. A aya ta 1590, in kuɗin arrhes ne, kowa na da damar fasawa: wanda ya bayar ya yi hasararsu, wanda ya karɓa ya mayar da ninki biyu. In acompte ne, ɓangaren farashi ne, ciniki ya ɗauru. Imamu Malik (ya rasu 795) bai halatta cinikin da mai kaya zai riƙe kuɗin in an fasa ba, alhali Hambalawa sun halatta. Kalmar Hausa guda ce, hukunci uku ne. Fassara arrhes da « kafin alƙalami » ba tare da bayani ba za ta sa kowane ɓangare ya karanta abin da ya saba da shi.

5. Bakin iyaka: adashe da biki

Adashe shi ne nauyin ɗauka tsantsa. Mace na shiga da sonta, ta san zubi, ta san ranar kwasa. Amma da zarar ta kwasa, sauran zubin ya zama bashi, kuma uwar adashe na da hakkin bin ta. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, sun ɗora a kan wannan tushe: membobi ke tsara dokokinsu, su yanka wa kansu tarar latti. Abin da ke tsare irin wannan ƙulli shi ne wanda Hume ya ambata: wadda ta ci amana ba ta sake samun adashen shiga a unguwa.

Biki ya fi wuyar rarrabewa. Gudummawar da ake kai wa mai suna ko mai aure kyauta ake kiran ta, amma ana riƙe lissafinta, kuma ana jiran a mayar da ƙari in ranar mai bayarwa ta zo. Marcel Mauss (1925) ya nuna cewa irin wannan kyauta a zahiri ganin dama ce, a haƙiƙa kuwa bayarwa da karɓa da mayarwa duk dole ne. Guy Nicolas (1986) ya bi diddigin haka a ƙasar Maraɗi. Babu wanda ya furta alkawari, ƙin karɓa kuma yanke zumunci ne. To ɗauka ce ko ɗorawa? Amsarmu ita ce karɓar farko ɗauka ce, domin ita ke buɗe hulɗa, abin da ya biyo baya kuwa al'ada ce ke aza shi, kamar yadda aya ta 1135 ta tanada ga yarjejeniya. Doka ba ta tilasta mayar da biki, sai dai aya ta 1235 ta san irin nauyin da in an sauke shi da son rai ba a neman a dawo da abin da aka bayar (obligation naturelle). Kunya ce alƙalin wannan fage, kamar yadda karin magana ya nuna game da sa ranar aure: rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

6. Sauke nauyi

Alamar da ta fi bambanta alkawari da niyya ita ce wa ke da ikon kwancewa. Wanda ya yi niyya shi ke fasa abarsa. Wanda ya yi alkawari ba ya cewa *na yafe wa kaina. Wanda aka yi wa ne kaɗai ke iya furta (4e). Wato mai alkawari ya miƙa wa wani mabuɗin wani ɓangare na ƴancinsa, abin da Grotius ya kira miƙa hakki. Shi ya sa rantsuwa da bakance suke da tsari na daban: Allah aka yi wa, don haka Shari'a ce ta faɗi mafita, kamar kaffarar rantsuwa ta ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, ko ƴanta bawa, ko azumin kwana 3 ga wanda bai samu ba (5:89). Mai bin bashi kuma an umurce shi da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci (2:280), amma jinkiri bai shafe bashi ba.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna gabatar wa masu aikin ƙirƙirar kalmomi da fassarar dokoki shawarwari huɗu, don a tattauna.

a) Kada a fassara obligation da kalma guda a ko'ina. « Dole » da « tilas » sun dace da nauyin ɗorawa. A fagen yarjejeniya a yi amfani da « nauyi » da aikatau « ɗauka ».

b) A keɓe « alkawari » ga promesse, « yarjejeniya » ga convention da contrat, « wa'adi » ga délai da terme.

c) A takardun yarjejeniya a rubuta furucin ƙulli da shuɗaɗɗen lokaci tare da sunan aikin (« na ɗauki nauyin biyan... »), a haɗa « zan » da rana, a bar lokaci mai zuwa na biyu. A rubuta kuɗi da lambobi da F CFA, sannan a maimaita da jika ko dala.

d) Inda kalmar Hausa ta rufe hukunci fiye da ɗaya, kamar kafin alƙalami, a faɗi a fili abin da zai faru da kuɗin in an fasa.

Da mai gida da ɗan hayan misali na (1) sun rubuta « na ɗauki nauyin rage jika 10 (10.000 F CFA) kowane wata har wata 6, in ka gyara rufin », a gaban shaidu biyu, da babu abin da zai kai su gaban mai unguwa. Saura a gwada waɗannan rabe-rabe a Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek, tunda a unguwa irin Banifandu sau da yawa masu ƙulla magana ba harshen uwa ɗaya gare su ba.